Mota haɗin hannu: tada ta da sauƙi, tsaida ta ne aiki

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, duk mai bin hanyar Madawa zuwa Buza, ko ta Buza zuwa Keita, ya saba ganin gawar mota. Wata tana bakin hanya, wata bayan garaji, wata ƙofar gidan mai ita, ya gaji da gyara ya bar ta. Amma ku lura da abu guda. Gawar mota ba ta daɗewa da namanta a ƙasarmu. Bana ka gan ta da ƙafa huɗu, baɗi ka iske ƙashi kaɗai.

Ina sauran ya tafi? Shina cikin gidajenmu da gonakinmu. Taya ta zama takalmi ga ƙafar makiyayi. Robar cikin taya ta zama guga bakin rijiya, ragowar an yanka ta siri-siri ana ɗaurin kaya. Sifirin, wato faffaɗan ƙarfen nan mai lanƙwasa da ke ɗauke da nauyin mota, ya tafi maƙera. Maƙeri shina son shi ƙwarai don shina riƙe kaifi, da shi a ke gatari da adda da wuƙa. Farin ƙarfen cikin inji an narka shi an zuba tukunya, kamar yadda a ke yi kasuwar Katako ta Yamai. Batir shina ɗaki, an haɗa shi da faifan hasken rana ana cajin waya. Aksil kuwa, wato sandar ƙarfen da ke haɗa ƙafafun baya, ya shiga ƙarƙashin amalanke.

Amalanken ma ba da daɗewa ya cika ƙauyuka ba. Dattawa sun san lokacin da jaki da raƙumi da kan mutum su ne motar kowa. Zamanin da gomnati ke yaɗa noman shanu, ma'aikatar ACREMA ta Tawa ta ƙera amalanke da garma, manoma na ɗauka bashi. Daga baya masu walda na garuruwa sunka iya aikin, sunka koma suna neman ƙafafun tsofaffin motoci.

Ke nan mun daɗe muna ƙira da gawar mota, sai dai guntu-guntu. Yanzu kuwa magana ta ƙaru. Samarinmu suna tafiya ci-rani Kano da Legas da Kumasi da Abijan, har Libiya da Aljeriya. Wasu sun komo da walda, wasu da makanikanci. Kowa da waya a aljihu, suna ganin abin da ƴan wasu ƙasashe ke ƙerawa. Sai ka ji suna cewa: ga shasi can, ga inji can, ga taya can, mi zai hana mu haɗa mota guda mu riƙa kai kaya kasuwa? An yi mini wagga tambaya nan Babankatami, bayan tashi daga karatun manya. Tambaya ce mai kyau. Amma cikinta akwai kuɗɗin ci-rani na shekara biyu, ko sa guda da za a saida. Akwai kuma ran waɗanda za su hau.

Yadda samarin Amurka sunka fara

Wanga aiki shina da tarihi. Daga 1908 zuwa 1927 kamfanin Ford na Amurka ya ƙera mota iri ɗaya, Model T, fiye da miliyan 15. Injinta ƙarami ne, ƙarfin doki 20. Da ta tsufa sai ta cika bola, ana saida ta da araha. Cikin 1929 kuma talauci ya faɗa ma ƙasar, mutane da yawa sunka rasa aiki. Saurayi ba shi iya sayen sabuwar mota. Sai shi sayi akwala, shi kwance rufi, shi kwance gilashi, shi kwance murfin taya, duk abin da ke ƙara nauyi shi yar. A 1932 Ford ya fito da babban inji mai silinda 8, wato buji 8, ƙarfin doki 65. Da irin wanga inji ya fara samuwa a bola, samari sunka riƙa ɗaukar shi suna ɗorawa bisa ƙaramin shasi. Babban inji, jiki ba nauyi. Irin wagga mota ce su ke ce ma hot rod.

Cikin hamadar Kalifoniya akwai tafkunan da sunka ƙafe, irin su Muroc. Ƙasar wurin shimfiɗe ta ke, da tauri kamar daɓen ɗaki, ba icce ba rami. Can su ke zuwa tsere. A 1937 ƙungiyoyinsu sunka haɗa kai, sunka riƙa auna gudun kowace mota da agogo suna rubutawa.

Da yaƙin duniya na biyu ya ƙare a 1945, soja sunka komo gida. Da yawansu sun koyo gyaran inji wurin soja, kamar yadda namu ke koyowa wurin ci-rani. Aikin ya yaɗu. A 1948 har jarida anka buɗe mashi mai suna Hot Rod. Amma abin ya zo da kuka. Samari sunka koma tsere cikin gari da dare, bisa hanyar kowa, ana mutuwa, ƴan sanda na kamu. Jama'a ta tsane su. Sai a 1951 wani mutum mai suna Wally Parks, mai shugabantar waccan jarida, ya kafa ƙungiyar NHRA. Anka ware fili na tsere, tsawon mita 402, nesa da masu tafiya ƙasa. Anka sa doka: kafin mota ta shiga fili sai an duba birkinta da tayarta da sitiyarinta. Wadda ba ta cika ba ta koma gida.

Su dai wasa su ke, kamar sukuwar doki ranar salla. Mu ba mu da rarar kuɗɗin wasa. Abin da mu ke so shi ne abin da za shi ɗauko gero daga gona, shi kai wake da albasa bakin kwalta, shi kawo ruwa ga dabbobi cikin bazara. Duk da hakanan akwai abin ɗauka cikin labarinsu: shekaru sunka yi suna binne ƴan'uwansu kafin su yarda a riƙa duba birki.

Kano da Kumasi da Indiya

Kada wani shi ce wanga aikin Nasara ne kaɗai. A 2007 labarin wani Bahaushe ya zagaye duniya. Sunanshi Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibi ne a Jami'ar Bayero ta Kano, shekararshi 24 a lokacin. Shi ba mota ya haɗa ba, jirgin sama mai saukar ungulu ya haɗa. Injin na tsohuwar Honda Civic ne, ƙarfin doki 133. Kujeru 4 ya cire su daga tsohuwar Toyota. Wasu ƙarafan ya samo su daga gawar wani babban jirgi da ya faɗi kusa da Kano. Wata 8 ya yi shina aikin a gidansu. Kuɗɗin kuwa daga gyaran kwamfuta da waya ya tara su, mahaifinshi ya taimaka. Karatun yadda jirgi ke tashi, cikin intanet ya yi shi.

Jirgin ya tashi, har sau 6. Amma bai wuce ƙafa 7 daga ƙasa ba, wato mita 2 da ƴan kai, bai kai tsayin babban rumbu ba. Ba shi kuma da na'urorin da ke faɗa ma matuƙi nisanshi da ƙasa. Wasu sun yi dariya. Ni ban ga abin dariya ba. Yaron da ya sa injin mota ya ɗaga ƙarfe sama ya isa a yaba mashi. Na kuma gode Allah da jirgin ya tsaya nan, don da ya kai sama sosai, saukowa ce za ta zama abin tambaya.

Waɗanda sunka yi ci-rani Gana sun san Suame Magazine cikin Kumasi. Unguwa ce guda, ba abin da a ke yi cikinta sai gyaran mota da ƙira, dubban mutane. A 2013 masu sana'ar wurin, tare da wasu Turawa biyu daga Holan, sunka haɗa mota daga kayan motoci iri-iri cikin wata 3. Ba su nemi gudu ba. Sun nemi mota mai ƙwari, wadda makaniken bakin hanya za shi iya gyarawa da ƴan kayan aikinshi. Sunan da sunka raɗa mata da Turanci shi ne Kunkuru. Ku ji suna! Mutanen da sunka tsufa cikin baƙin mai, da sunka tashi ƙera tasu, kunkuru sunka tuna, ba barewa ba.

Amma waɗanda sunka fi kama da mu su ne manoman arewacin Indiya. Su ma suna da injin ban ruwa na gazuwal. Sai sunka riƙa ɗora shi bisa shasi na katako da ƙarfe, su haɗa mashi akwatin giya da ƙafafun tsohuwar jif. Suna ce ma abin jugad. Shina ɗaukar hatsi, shina ɗaukar ƴan biki, mutum 20 ko fiye. Ba lamba, ba takarda. Birkinshi kuwa abin tausayi ne, har a kan ce wani lokaci sai yaro ya dira ya sa waigi a taya kafin shi tsaya. Haɗari ya yi yawa. In an kashe mutum ba a san mai biyan diyya ba, tun da ba asiransi. A 2013, bayan wata shari'ar haɗari, kotun ƙoli ta Indiya ta yanke hukunci: jugad mota ce gaban doka. In ba ta da rajista da asiransi da direba mai takardar tuƙi, ba ta hawa hanya. Manomi ya kashe kuɗɗinshi, abin ya koma kayan tsoron ƴan sanda.

Mu yi lissafi tukuna

Ƙasarmu ba irin busasshen tafkin Amurka ba ce. Ƙasar Buza da Keita dutsi ne da gangara, da ƙorama mai yanke hanya da damina, da rairayi mai kama taya. Wanda ya taɓa saukowa daga bisa dutsi zuwa kwari cikin motar kasuwa, mutane da buhuna da tumaki har bisa rufi, ya san addu'ar da a ke yi.

Waɗanda sunka kai rabawa cikin lissafi su ɗauko alli. Mota mai gudun kilomita 60 cikin awa tana cin mita 60,000 cikin sakan 3,600. Ku raba. Kusan mita 17 ke nan kowane sakan guda. Daga lokacin da direba ya ga saniya ta shigo hanya zuwa lokacin da ƙafarshi ta taɓa birki, sakan guda ya wuce. Mita 17 sun tafi, birki bai ko fara aiki ba. In gudun 30 ya ke yi, mita 8 ne da kaɗan. Ga kuma wani abin da mutane da yawa ba su sani ba. In ka ninka gudu sau 2, nisan da mota za ta ja kafin ta tsaya ba sau 2 za shi ninku ba, sau 4 ne. Sai nauyi. Lita guda ta ruwa kilo guda ce. Tano mai lita 200 kilo 200 ne, ban da nauyin tanon. Tano 5 sun yi tan guda. Duk wanga nauyi bisa gangara, birki ne za shi riƙe shi.

Don hakanan ni shawarata ga mai farawa, shi fara da amalanke. Na san samari ba su son jin wagga magana. Amma amalanke mai aksil na mota, mai sifirin, mai birkin hannu da ke aiki da gaske, rabin mota ne. Cikinshi za ka koyi daidaita ƙafafu, da walda mai riƙo, da yadda kaya ke zama bisa aksil don kada su danne wuyan sa ko bayan jaki. In ka yi kuskure, gudun jaki ba shi kisa kamar gudun inji. In ya yi kyau ga kasuwa nan, masu saye ba su ƙarewa. Da ribar ka tara kuɗɗin babban aiki.

Wanda ya wuce nan, ya ce shi dai mai inji za shi haɗa, to shi saurara.

Shasi da birki da sitiyari

Shasi ne ƙashin bayan mota. A nemi na motar ɗaukar kaya, irin tsohuwar Peugeot bashe, ko Toyota, ko Land Rover. Tun 1975 anka fara haɗa Peugeot a Kaduna, an yi shekaru kamar 30 ana fitar da 504, shi ya sa kayanta sunka yawaita kasuwannin Ƙonni da Maraɗi da Kano. Motar da ba a samun kayanta kusa, ko kyauta anka ba ka, wahala ce.

Ka kankare laka da tsatsa, ka bi shasin da guduma kana bugawa. Ƙarfe mai lafiya shina amsawa da ƙara. Ruɓaɓɓe shina amsawa kamar ka bugi fasasshiyar ƙwarya. Ka duba sosai wurin da sifirin ke kamawa, can ya ke fara tsagewa. Sa'an nan ka ɗauko igiya, ka auna daga kusurwar gaba ta dama zuwa ta baya ta hagu, ka sake aunawa daga ta gaba ta hagu zuwa ta baya ta dama, yadda magini ke yi ma harsashin ɗaki. In awon biyu bai zo daidai ba, motar ta taɓa yin haɗari ta karkace. Irin wagga tafiyar kare za ta riƙa yi, tana cin taya.

Birki kuwa, nan ne ba a neman araha. Kome na motar ga za ka iya sayen tsoho, amma ƴan robobin birki da tiyonshi da takalmanshi a sayo sabbi. Birkin mota da mai ya ke aiki. In ka taka, man ne ke bin siririn bututu shi tura takalmi, takalmi shi kama ƙafa. Rami kamar na allura ya isa shi zubar da man, ka taka ka ji ƙafarka ta tafi har ƙasa. In ka taka ka ji taushi kamar soso, iska ta shiga, sai an fitar da ita. Man birki shi kaɗai a ke zubawa. Baƙin mai shina kumbura robobin, su lalace. Wasu in sun rasa kan hanya su kan zuba ruwan sabulu. Ruwa shina tafasa in birki ya yi zafi, kuma gangara ce ke sa shi zafi. Ke nan daidai inda ka fi bukatar shi, nan za shi bar ka. Kada kuma a toshe birkin ƙafa guda da ƙusa don shina yoyo, a ce sauran 3 sun isa. Birkin hannu shi ma a gyara shi, da wayarshi dabam. Waigin karen mota ba birki ba ne.

Sandunan sitiyari ba a yi masu walda. In guda ta lanƙwashe ko ta tsage, a yar, a sayo wata. Wuta tana canza halin ƙarfe, maƙera sun fi kowa sani. Sandar da anka gasa tana iya karyewa ba sallama, ranar nan kuwa direba da fasinja duk ɗaya su ke.

Taya tana da ranar haihuwa, kuma a rubuce ta ke. Ku duba gefenta, ƙarshen layin da ya fara da haruffa DOT akwai lamba 4. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In kun ga 2318, an yi ta mako na 23 cikin 2018. Tsohuwar taya ko zanenta bai goge ba robar ta bushe, zafin kwalta cikin bazara shina fasa ta. Mai saida taya ba za shi karanta maka wagga lamba ba. Kai za ka karanta da kanka.

Sayen tsohon inji

Samarin Amurka babban inji su ke nema. Kai ka nemi daidai. Babban inji shina shan mai, shina karya ƙaramin aksil, shina kai ka gudun da birkinka bai iya ma. Abin da ya fi, inji da akwatin giya da aksil su zama ƴan gida ɗaya. In ka haɗa na wagga da na waccan, sai an yi ta yanka da ƙari, kuma kowane ƙari wuri ne na lalacewa.

Kada ka sayi inji sai an tada shi gabanka. Ka je da sassafe, ka taɓa shi ka ji da sanyi, don inji mai ciwo in ya ɗumama shina ɓoye ciwonshi. Ka zaro sandar awon baƙin mai. In man ya yi fari-fari kamar an dama shi da nono, ruwa ya shiga, ka bar shi. Ka murza man tsakanin yatsu cikin rana. In ka ga ƙyalƙyalin garin ƙarfe, injin shina cin kanshi. Sa'an nan ka koma baya ka dubi hayaƙi. Shuɗin hayaƙi, inji shina ƙona baƙin mai, ya tsufa. Farin hayaƙi mai kauri wanda ba shi ɗaukewa bayan inji ya yi zafi, ruwa ne ke shiga inda wuta ta ke. Baƙin hayaƙi, mai ya yi yawa ko iska ta yi kaɗan, wanga sau da yawa shina gyaruwa. Ka tafi da makaniken da ka yarda da shi, ka biya shi ladan ranar. Araha ba ta ado, balle ta inji.

Ƙura ce babbar abokiyar gabar inji a nan. Matatar iska ta zama tana nan kuma da tsabta, ko da hunturu ko da bazara. Injin da ke shaƙar ƙura kai tsaye, kamar an zuba yashi cikin dutsen niƙa ne.

Wurin aikin kanshi akwai abin kiyayewa. Ba a yi ma tankin mai walda, ko tanon da ya taɓa ɗaukar fetur, don an ga ba kome ciki. Tururin da ya rage shi ke fashewa. Ba a shiga ƙarƙashin mota jak kaɗai na riƙe da ita, sai an tokare da kututture. Ba a tada inji cikin rufaffen ɗaki, hayaƙinshi shina kashe mutum cikin barci. Ba a buɗe murfin ruwan inji shina da zafi. Ba a kusantar batir da taba ko ashana. Yara kuma masu son kallo, a kore su daga hasken walda, shina ƙona ido.

Maganar takarda

Nan ne manoman Indiya sunka faɗi, kada mu bi su. Kowane shasi shina da lamba da anka buga jikin ƙarfen. Lambar nan ce ke rubuce cikin takardar mota, wadda a ke ce ma kart giriz. In za ka sayi gawar mota, ka saye ta da takardarta. Ka kankare wurin lambar, ka karanta harafi-harafi, ka gwada da ta takarda. In an goge lambar ko an sake buga ta, ka ja da baya, watakila kayan sata ne. A rubuta takardar ciniki, da sunan mai sayarwa da mai saye da kuɗɗin da anka biya da kwanan wata, shaidu 2 su sa hannu gaban mai gari.

Kafin ka yanka ƙarfe ko guda, ka tafi Tawa ofishin sufuri, ka faɗa masu abin da ka ke nufin yi, ka ji abin da doka ta yarda da wanda ba ta yarda ba. Kuɗɗin motar zuwa Tawa da komowa bai kai kuɗɗin taya guda ba. Motar da za ta hau hanyar gomnati sai da lamba, da asiransi, da takardar duba lafiyarta, direba kuma da farmi. Jandarma za su tambaya. Wanga ma da sauƙi. Babban abin shi ne in an taka ɗan mutane ba asiransi. Ranar nan ba saurayin kaɗai za a nema ba, garken ubanshi da gonar gidansu za su shiga ciki.

In an gama haɗawa, gwajin farko a yi shi fili shimfiɗaɗɗe, bayan gari, mota ba kaya, direba shi kaɗai. A ja layi a ƙasa. Shi zo da gudu kaɗan, shi taka birki bisa layin, a auna inda ta tsaya. A dubi sawun taya: in na gefe guda ya fi tsawo, ko motar ta ja dama ko hagu, birkin bai daidaita ba. A gyara, a sake. Sa'an nan a loda mata buhunan yashi daidai nauyin da za ta riƙa ɗauka, a maimaita. Bayan nan a kai ta ƙaramar gangara, a sauko da ƙaramar giya, a tsaya tsakiya a ja birkin hannu a gani ko za shi riƙe. In an komo a taɓa cibiyar kowace ƙafa. Wadda ta fi sauran zafi, a kwance ta a duba. A bi kowane noti da sifana a sake ɗaurewa, don tafiyar farko tana sassauta su. A samu ɗan littafi a rubuta ranar da anka zuba baƙin mai, da ranar da anka sa takalman birki, da lambar kowace taya.